Sifokon da ke Kusa da Bawul

Litinin, da hantsi

Ƙafar hagu ta kumbura har silifa ya ƙi shiga. Tarin yana nan. Na sha rabin shayin, sauran na bar wa ƙudaje.

Auta ya zo. Na rubuta don in gani da idona. Tun ranar da su Autan suka kwaso ni daga gidana suka ajiye ni a wannan ɗaki na bayan shagon tela ban ga ko ƙeyarsa ba, sai yau. Ba gaisuwa ce ta kawo shi ba, babur ne. Ya tsaya a bakin ƙofa, hular kwano a hammata, ya ce, "Baba ina kwana tayar baya ce ke sauka," duk a numfashi ɗaya, kada gaisuwar ta samu wurin zama.

Babur ɗin mai sifoko ne, wato siraran wayoyin ƙarfen nan da ke riƙe da wili. Wani ya ba shi shawara a cire tiyub, tayar ta riƙe iska da kanta, don in ƙusa ta shiga ba za ta fashe nan take ba. Shawarar ba ta da laifi. Amma kowane sifoko yana da raminsa a jikin wili, kowane rami kuwa ƙofa ce ga iska. Wanda ya yi masa aikin tef kawai ya naɗa a kan tsatsa.

Na sa ya kaɗa sabulu a ruwa, na zuba a gindin wayoyin. Kumfa ta tashi ta ko'ina. Na ce masa ni na yi makarantar koyon sana'a a zamanin da ake dukan mutum in ya ajiye sifana a ƙasa, a wancan zamanin da an kori mai wannan aiki kafin azahar. Bai yi dariya ba. Ya toshe hanci.

"Ɗakin nan wari yake."

"Ɗakin da kuka zaɓa ne."

"Ba ɗakin ba ne, Baba, kai ne. Kai ma ka fara yoyo kamar tayar."

Na ce ya kai wa mai faci ya zare tayar, ya kawo mini wilin tsirara gobe.

Talata, bayan la'asar

Ya kawo. Ya jingine shi a bango, ya ajiye bututun gam da sabon tef a kan tabarma, ya ce sauri yake.

Na wuni a kai. Na ɓare tsohon tef, na bi tsatsar da samfefa har ƙarfen ya fito fari. Yatsuna suna rawa, amma sun tuna hanya. Na aiki matar tela ta samo mini fetur kaɗan a kwalba. Ita ce ke kawo mini abinci, kuma tunda bakinta ba ya mutuwa na sa mata Rediyo. Sai ga ta da kananzir.

"Ai duk mai ne, Baba Makaniki."

Na ce haka ne, ita da macen jaki ma duk mata ne. Kananzir yana barin maiƙo, gam ba ya kama maiƙo. Fetur yana wankewa ya bushe ya tafi abinsa. Ta yi dariya ta koma ta canjo. Matar nan ba ta jin zagi, shi ya sa zaginta ba daɗi.

Na wanke kan kowane sifoko, na ɗiga gam, na shafe da yatsa har ya rufe ramin kamar hula. Ɗaya bayan ɗaya, ina juya wilin a kan gwiwata. Ina yi ina lissafin cewa in aikin ya yi kyau, gobe ko jibi zai ɗauka, shi ke nan kuma.

Da na zagayo kan sifokon da ke kusa da bawul, bakin da ake hura iska, sai na tsaya. Na daɗe ina kallonsa.

Sannan na naɗa tef.

Akwai sauran gam a bututun.

Laraba, da safe

Gam yana son wuni guda cur kafin ya ga iska. Ba na barin kowa ya taɓa. Ƙafar ta ɗan sace.

Alhamis, da azahar

Ya ɗauka. Na ce wannan karon kawai mai faci zai hura da injinsa don tayar ta zauna a bakin wili. Ya jujjuya shi a hannu, ya ce, "Sai mu gani." Wannan ce godiyar.

Da ya fita na ji Rediyo tana tambayarsa mai jiki. Ya ce da sauƙi. Na kira ta na ce wace mai jiki? Ta riƙe haɓa.

"Au, ba ka sani ba? Matarsa ai ta yi nauyi, ta kusa. Jika za ka yi, Baba!"

Daga bakin Rediyo na ji. Na ce mata na sani tuntuni, na manta ne.

Lahadi, da hantsi

Ya dawo. Tun daga kan kwana na gane ƙarar babur ɗin.

"Aikin naka na makaranta bai yi ba. Ta sake yin laushi."

Na ce sabon gam haka yake, sai ya zauna. Na kaɗa sabulu na zuba a ɗaya gefen, nesa da bawul, na ce duba, ko kumfa ɗaya babu. Ya duba, babu. Na ce matsalar iskar injin masu faci ce, ruwa gare ta da maiƙo, tana cin gam ta ciki. Wannan ba ƙarya ba ce gaba ɗaya. Na ce daga yau kada ya bar kowa ya hura masa, ya riƙa zuwa nan bayan kwana biyu ko uku, a hura da famfona na ƙafa, in taɓa wayoyin in ji ko wata ta saki.

Ya yi tsaki. Amma ya jawo famfon daga ƙarƙashin gado. Yana takawa, ni ina zaune a kan kujera ina buga wayoyin da cokali ina saurare, kamar akwai abin da nake nema. Da ya gaji ya kife bokiti ya zauna.

Ya zauna. A ƙofar ɗakina.

Ya yi furfura a gefen kunne. Ba wanda ya gaya mini wannan ma.

Na tambaye shi aiki. Ya ce aiki na nan. Na tambaye shi gidan, ko sun gyara rufin ɗakin uwarsa. Ya miƙe ya ce, "Kada mu fara."

Laraba, da yamma

Ya zo. Ya hura. Ya tafi.

Juma'a, da safe

Babbar 'yata ta bugo waya daga garin da take aure. Ita kullum tana bugowa, kullum da kuka a maƙogwaro. Ko na sha magani, ko na ci abinci, ko in zo wurinta in zauna. Na ce ba na bukata, Auta yana zuwa kusan kullum yanzu. Ta ce, "Auta?" Na ce shi, ɗa namiji ai ba ya gaisuwa ta waya. Na ji ta haɗiye abin. Ta ce to Allah ya ƙara haɗa kanku. Na kashe.

Ban san me ya sa nake yi mata haka ba. Muryarta ce, irin ta uwarta.

Asabar, da la'asar

Ya zo da lemo biyu a leda. Ba don ni ya saya ba, na ga ledar, saura ne. Na shanye duka biyun har da farin ɓawon ciki.

Yana taka famfo ya ce, "Wannan gam naka yaushe zai gama zama? Ko sai ka riga shi?" Na ce mai yiwuwa. Ya yi dariya. Rabon da in ji dariyarsa tun yana ɗaukar mini akwatin sifana.

Tela ya leƙo yana kallonmu. Nasa 'ya'yan ko a waya ba sa nemansa. Da Auta ya tafi na ce masa, "Maƙwabci, naka fa? Ko sun ɓata hanya?" Ya koma kan kekensa. Na ji daɗi har yamma.

Litinin, da hantsi

Tari da jini kaɗan. Na wanke tsumman da kaina kada Rediyo ta watsa.

Ya zo a gaggauce. Tayar ta sauka fiye da da. Tef ɗin ya fara buɗewa ta ciki, na sani, iska in ta samu hanya faɗaɗa ta take yi. Ya ce zai kai wa wani ya duba. Na ce ya kai, su cika masa ita da ruwa, in ta lalace kada ya dawo mini. Ya tsaya yana kallona, sannan ya jawo famfon.

Na ce masa Alhamis. Na faɗa sau biyu. Na ce kada ya wuce Alhamis bai dawo ba.

Na yi tunanin in ce ya bar mini wilin in sake dubawa. Na bar shi sai wani zuwan.

Alhamis, da yamma

Bai zo ba.

Juma'a, da azahar

Bai zo ba. Wataƙila ya kai wa wani. In ya kai, ya kai.

Asabar, da hantsi

Rediyo ta shigo da abinci ba ta cewa komai. Ta ajiye kwanon a hankali kamar mai ajiye ƙwai. Na ce batir ya ƙare ne? Ta ce, "'Yarka za ta kira ka." Ta fita.

Asabar, bayan azahar

Ta kira. Zan rubuta abin da ta ce kawai.

Jiya da rana tsaka ciwo ya kama matar Auta, ba lokacinsa ba. Ya ɗora ta a babur zuwa asibiti. A doguwar hanyar nan ta bayan masana'antu, inda babu shago babu inuwa, tayar baya ta zare daga bakin wili. Ba su faɗi ba. Sun dai tsaya. Sun daɗe a tsaye. Motocin da suka wuce ba su tsaya ba, sai can wata ta kaya.

Ta ce matar ta samu sauƙi, tana magana, ta sha ruwa. Na ce alhamdu lillahi.

Ta tsaya jiran tambaya ta gaba, ta ɗan cikin.

Na ce cajin wayata ya kusa ƙarewa.

Lahadi, da safe

Na ce masa Alhamis.

Lahadi, da la'asar

Mutum mai hankali yana taɓa tayarsa kafin ya ɗora mace mai nauyi. Da babban yatsa kawai. Tun yana ƙarami na koya masa. Kuma me ya hana shi neman mota? Garin nan cike yake da motoci. Kuma ciwon ai ya riga ya fara tun a gida, tayar ba ita ta kawo ciwon ba. Likita ma zai faɗi haka in an tambaye shi. Kuma na ce masa Alhamis, tela yana ji, a tambayi tela.

Kuma wa ya ce a cire tiyub tun farko? Ni ne?

Ban ci abincin ba. Gishiri ya yi yawa.

Talata, da hantsi

Ƙafa biyun sun kumbura yanzu. Ba wanda ya zo.

Laraba, da la'asar

Ban ji ƙarar babur ba, a ƙafa ya zo, wilin a hannu ɗaya, tayar a rataye a kafaɗa. Bai yi sallama ba. Ya shigo har tsakar ɗaki, abin da bai taɓa yi ba, kuma bai toshe hanci ba. Ya rame. Rigar jikinsa ta kwana biyu.

Ya ɗora mini wilin a kan cinya. An ɓare tef ɗin.

"Na sa sabulu, Baba. Kai ka koya mini. Amma ni ko'ina na sa, ba gefe ɗaya ba."

Na ce sannu da zuwa, yaya mai jiki.

Ya juya wilin har bawul ya zo gabana. Ya ɗora yatsa a wurin. Sauran kawunan duk da hularsu ta gam, baƙi, sumul. Wannan yana ƙyalli.

"Ka goge shi. Ka wanke shi da fetur. Ya fi kowanne tsafta."

Na ce idona ba kamar da ba.

"Idonka ya ga sauran."

Na ce hannuna yana rawa, tsufa ne, shi ma zai zo wurin in Allah ya ba shi rai.

"Ranar da na ce zan kai wa wani fa? Ranar ma tsufa ne?"

Na ce na gaya masa Alhamis.

Ya dube ni kamar yadda ake duban abin da aka taka a hanya. Ya ce, "Har yanzu ba ka tambaya ba." Na ce me zan tambaya? Ya gyaɗa kai, ya ce, "Shi ke nan."

Ya sauke tayar daga kafaɗa ya jefa ta kan gado, kan filona.

"Abokin zama kake nema, ko? Ga shi nan. Ku zauna. Shi ba ya jin wari."

A bakin ƙofa ya yi karo da Rediyo, tana tsaye da kwano. Ban san tun yaushe take wurin ba. Ya ce mata, "Inna, ki daina wahala. Wannan sai ya binne mu duka."

Alhamis

Ban tashi ba.

Juma'a, da hantsi

Rediyo tana ajiye kwanon a bakin ƙofa yanzu, ta ƙwanƙwasa ta tafi. Yau na riga ta, na buɗe. Na ce ina son fetur kaɗan. Na ce fetur fa, ba kananzir ba, don ta yi dariya. Ba ta yi ba.

"Ni ma na haifa, Baba. Na kuma binne."

Na ce ban tambaye ta tarihinta ba.

Ta kawo fetur ɗin bayan azahar, ta ajiye kusa da kwanon. Ɗakin ya yi shiru da yawa. Ina jin keken tela ta bango, da ita tana yi wa wata hira tana dariya. Ashe bakin na nan, ni aka kashe wa.

Asabar, da la'asar

Na kankare gam ɗin duka na fara daga farko. Ba a yin faci a kan aikin da aka ɓare. Sauran gam ɗin da ke bututun ya yi tauri a baki, sai da na huda da allura. Hannun ya ƙi tsayawa, na riƙe na dama da na hagu. Wani kan sai na shafe shi sau uku. Warin fetur ya tayar da tarin, na yi ta yi har na jiƙa wando. Na ci gaba a haka, don in na tashi gam ɗin zai sha iska.

Na fara da na kusa da bawul.

Na naɗa tef zagaye biyu, ina ja ina dannawa da bayan cokali kada iska ta kwanta a ƙarƙashi. Malaminmu na makaranta da ya ga wannan da ya ce ba laifi. Bai taɓa cewa fiye da haka ba.

Litinin, da safe

Na roƙi tela ya kai wa mai faci ya mayar da tayar ya hura. Na roƙe shi, kalmar ke nan. Ya bar ni tsaye a ƙofar shagon, ina dafe da bango, har ya gama kalmasa wani wando, ya cire zare da haƙori, ya goge. Sannan ya ce, "Naka fa, maƙwabci? Ko ya ɓata hanya?"

Ya kai dai.

Litinin, da yamma

Na cika baho da ruwa, na tsoma tayar ina juyawa kaɗan-kaɗan. Na sa tabarau. Na zagaya, na sake zagayawa. Ruwan ko motsi.

Laraba, da hantsi

Tayar tana nan da ƙarfinta. Na danna da yatsa, na hau da gwiwa.

Na buga wa Auta. Tana shiga, ba a ɗauka. Na sake, aka kashe. Na buga wa yayarsa. Wannan ne karo na farko da ni na kira ta, ta ɗauka a firgice tana tambaya ko lafiya. Na ce ta gaya wa ƙanenta wilinsa ya gyaru, ba ya yoyo ko kaɗan, ya zo ya ɗauka, ba sai ya shigo ba, zan ajiye a bakin ƙofa. Na ce ta gaya masa ba sai ya sake dawowa hura iska ba, ko'ina ya ga dama ya hura.

Ta ce, "Shi ke nan saƙon, Baba?"

Na ce shi ke nan.

"Ba abin da za ka ƙara? Ko ga matar?"

Na ce ta ce ina gaishe ta.

Alhamis, da azahar

Ta kira. Ya ce Asabar, in ya samu hali. Na ce da safe ko da yamma? Ta ce bai faɗa ba. Na ce yaya ya faɗe ta, da wace murya? Ta ce, "Baba, haka dai ya ce."

Juma'a, da la'asar

Na wanke zanen gado na shanya. Na fitar da katifar rana da kaina, ina ja ina hutawa, Rediyo tana kallo daga ƙofarta ba ta tashi ba. Na wanke ƙasan ɗakin da sauran ruwan sabulun. Na buɗe taga. Na zubar da gwangwanin fitsarin da nake ajiyewa a ƙarƙashin gado, na ɗauraye shi, na ɓoye a bayan ɗaki. Na fita na sake shigowa don in ji ko akwai wari. Ni ba na ji. Na tambayi tela, ya ce shi mura yake.

Asabar, da safe

Numfashi da ƙyar, amma na yi wanka. Na sa farar rigar. Ban sha shayi ba, ban sha ruwa ba, kada a samu matsala yana nan. Na kife bokitin a bakin ƙofa na share shi. Wilin yana jingine kusa da shi, na goge wayoyin da tsumma.

Asabar, da azahar

Babura da yawa sun wuce. Sai na tuna nasa ba shi da ƙafar baya, a ƙafa zai zo. Na daina sauraron injuna, na koma kallon kwana.

Asabar, bayan la'asar

Rana ta bar ƙofar. Tela ya rufe shago, ya wuce ta gabana, ya dubi bokitin ya dube ni. Abincin yana nan a rufe. Na mayar da wilin ciki da kaina kada raɓa ta taɓa shi, na danna tayar kafin in jingine ta.

Ba ta sauka ba.

Auta bai zo ba.